Gugan Da Ya Maƙale A Rijiya Ta Tara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ciwon bayan ya yi sauƙi, kuma kana shan maganin, ba ajiye shi kake yi a saman firij kana kallo ba. A gaida Inna, a ce mata ina cin abinci, ta daina sa direba yana duba mata ko na rame. A gaida Anti da 'yan mata.

Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa alhali ga waya. To, sau uku ina kiranka a kan maganar nan, sau uku kana miƙa wa Anti wayar ta tambaye ni yaushe zan yi aure. Direban da ke kai kwalaben ruwa ɗakin gwaji duk Litinin ta ƙofar gidanka yake wucewa, zai ba ka wannan hannu da hannu.

Wata bakwai ke nan da na gaji aikinka, kuma wallahi ba ka taɓa gaya mini rabin ƙazantarsa ba. Ruwan da ake zuƙowa daga ramin ma'adinai a zuba a tafkin bayan kamfani ya koma ja kamar tsatsa, warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai yana bin mutum har cikin gashi. Jiya na tsugunna ina cika kwalba, sai ga matacciyar agwagwa ta kumbura tana yawo kusa da hannuna. Ban iya cin komai ba har la'asar. Amma ba ƙorafi na zo yi ba. Rafuka huɗu ne da rijiyoyin gwaji goma sha biyu, in auna, in ɗeba, in rubuta, in jera a kular ƙanƙara. Na iya.

Maganar rijiya ta tara ce. Kai da bakinka ka ce mini ita ce mai gadin unguwarmu ta dā, domin tana tsakanin tafki da gidajen mutane, idan guba ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ita za ta fara gani kafin ta kai rijiyoyin sha. Na buɗe tsofaffin fayil-fayil. Ta bakwai da ta takwas kullum ƙara lalacewa suke, shekara bayan shekara. Ta tara kuwa, da ke gabansu kaɗan, fes take kamar ruwan sama. Na yi ta murna, har ina ce wa direba Allah ya so mutanen nan.

Ranar Laraba ina auna zurfin ruwanta, tef ɗin awon ya kuɓuce mini ya zurara ƙasa. Na ce shi ke nan, sai na sha naɗi. Yaya, a mita goma sha ɗaya ya tsaya cak. Allon ƙarfen da ke jikin rijiyar kuwa cewa ya yi zurfinta hamsin da takwas. Na sake saki, nan ya sake tsayawa. Na ɗebo ruwan na ɗaga kwalbar a rana, sai ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Tir! Wane sauro ne yake ƙwai a ruwan ƙarƙashin ƙasa? Na duba murfin, a tsage yake. Ashe duk watannin nan ruwan sama nake ɗeba, ina manna masa lamba, ina sa shi cikin ƙanƙara kamar wani abin kirki.

Shekara goma sha huɗu kana leƙa rijiyar nan. Me ka sani a kanta?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ni lafiya, na karanta, na kuma fahimci abin da ke ciki. Baya da sauƙi, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ki, ta ce direba ya gaya mata kin yi baƙi.

Game da abin da kika tambaya. Ki sani rijiyar gwaji ba ta dawwama yadda aka haƙa ta. Yashi yana shiga, laka tana taruwa, wani lokacin bututun yana lanƙwashewa a ciki. Wannan sananne ne a aikin. Sannan ki duba fom ɗin da aka ba ki da kyau. Akwai gurbin zurfin ruwa daga baki, akwai na zafi, akwai na launi da wari. Babu gurbin zurfin rijiya zuwa gindi. Waɗanda suka tsara shi sun fi mu karatu, kuma da suna son a auna da sun sa.

Shawarata gare ki a matsayina na wanda ya riga ki, ki rubuta cewa murfi ya tsage a canza shi, ki tsaya nan. Ke sabuwa ce, kuma kin san mutane nawa suka nemi kujerar nan kafin in samu a saurare ni a kanki. Manajan ku mutum ne mai sauƙin kai idan ba a ɗaga masa hankali ba. Kada ki zama wadda za a riƙa yin shiru idan ta shigo ofis.

Maganar agwagwa kuma, ki riƙa shafa man zafi a ƙarƙashin hanci kafin ki sauka tafki. Haka nake yi.

Allah ya yi miki albarka.
Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na gode da maganin wari. Ina ma shi na tambaya.

Shawararka ta iso a makare, don na riga na kai maganar ofis. Manaja, wanda mu a nan muke kira Oga Ba-Matsala, ya saurare ni yana danna waya, ya ce ba matsala, a sa makanikai su yashe ta. Suka zo su biyu da ƙugiya da dogayen sanduna. Kwana biyu muna fama. Abin da muka fara fitarwa laka ce baƙa mai wari, da tsakuwa, da ƙasusuwan ƙadangare, da wani ruɓaɓɓen tsumma. A rana ta biyu ƙugiya ta kama abu mai nauyi, suka ja da ƙyar.

Guga ne, Yaya. Gugan ƙarfe na ɗiban samfur, dogon nan siriri mai kama da bututu. Ya faɗa ya gicce, laka ta rufe shi, ya toshe rijiyar ruf. A kunnensa akwai guntun igiya shuɗiya, an yi mata ƙulli biyu an mayar da bakin ciki an ƙona shi da ashana. Ni ka koya wa ƙullin nan a tsakar gida kafin in fara aiki, ka ce duk kamfanin kai kaɗai kake yin sa. Makanikan suna ta dariya suna cewa ko wane gwani ne ya yi wannan aika-aika. Na yi dariyar tare da su.

Da aka buɗe hanya, ruwan gaskiya ya taso. Ba sai an kai ɗakin gwaji ba, hanci ma ya isa. Amma an kai, sakamako ya dawo jiya. Gubar dalma ce a ciki, ta ninka abin da aka yarda mutum ya sha sau ashirin da wani abu. Daga rijiya ta tara zuwa gidan farko na unguwa taku ɗari uku ne, na ƙirga da ƙafata.

Yanzu ka ji inda maganar take. Dole a kai wa hukuma rahoto, kuma dole a rubuta yaushe rijiyar ta toshe. Oga Ba-Matsala ya kira ni, ya rufe ƙofa, har da ba ni lemo. Ya ce mu rubuta cewa bana gugan ya faɗa, a hannuna, tunda sabuwa ce ni. Ba za a kore ni ba, takardar gargaɗi ce kawai. Ka san me wannan yake nufi. Idan bana ne, duk sakamakon shekarun baya ya zama gaskiya, wato guba jiya-jiya ta iso. Za a rufe rijiyoyin unguwa, a kawo tankar ruwa, a tafa wa kamfani. Idan kuwa shekaru ne, doka ta ce sai an gwada jinin duk wanda ya sha ruwan a tsawon lokacin, babba da yaro, har waɗanda suka tashi, a yi wa masu buƙata magani.

Na ce masa ga gugan nan, kowa ya gan shi ya san ya daɗe. Ya ce wane guga? Ashe tun ranar ya sa shi a bayan motarsa, ba wanda ya sake ganinsa. Makanikan kuma sun ce su laka kawai suka tuna. Na dubi lemon nan, na ture shi gefe ban sha ba.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Ni da damina na fara aiki, ruwan sama yana shiga ta tsagar murfi, na samu abin ɗeba. Kai fa? Da rani, lokacin da ƙasa take bushewa ƙayau, me kake cikawa a kwalbar rijiya ta tara?

Ba ni da shaida sai kai. Rana nake so, da wata, da shekara, da sa hannunka.

Ka gaida gida.
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, na karɓi takardarki. Na karanta ta a bayan gida don kada Antinki ta ga fuskata. Sau biyu na fara amsa ina yagawa.

Gugana ne. Ba zan yi miki musu ba. Shekara tara ke nan. Igiyar ta riga ta ci, na gani tun da safe, na ce bari in ƙarasa zagayen ranar sannan in karɓo sabuwa a sito. A rijiya ta tara ta tsinke. Na ji ƙarar faɗuwarsa har cikin haƙorana. Na nemo waya na yi ƙugiya, bai kamu ba. Na ɗaura tsumma a sanda don in naɗo igiyar, tsumman ma ya faɗa. Ina cikin zungura gefen ya zubo. Na zauna a wurin har rana ta karkata.

Ki tuna yadda muke a lokacin. Baba bai cika shekara da rasuwa ba, ke kina aji biyu na babbar makaranta, Inna ba lafiya, Antinki da tsohon ciki. A watan nan aka sallami mutum biyu, ɗaya a kan fitilar hula da ya yar a cikin rami. Fitila, Auta. Ni kuwa rijiya sukutum na kashe. Na ce in bari wata mai zuwa idan hankali ya kwanta sai in faɗa. Wata mai zuwa ya zo, na ga in na faɗa za a ce me ya sa ban faɗa ba tun farko, kuma wane ruwa na kai a watan da ya wuce. Haka abin ya yi ta tafiya.

Kin tambayi maganar rani. Daga famfon ofis nake cika jarka in zuba mata ana gobe zagaye. Ga shi na faɗa miki, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Amma ki yi mini adalci. Ban san akwai guba ba. Wanda ya toshe rijiya bai zuba dalma a ƙasa ba, masu tafki ne suka zuba. Ni ban ga komai ba, ban ɓoye komai ba, ido kawai na rufe. Kuma a lokacin ta bakwai da ta takwas ma ba su yi muni haka ba.

Ga abin da nake roƙo. Kada ki karɓi laifin, ban yarda ba. Amma ki rubuta cewa ba a san lokacin da ta toshe ba. Wannan ba ƙarya ba ce a bakinki, tunda ba a gabanki aka yi ba. Idan na sa hannu, maganar kotu ce. Takardar yabon da suka ba ni tana rataye a falo, saurayin da zai auri babbar 'yata a ƙarƙashin takardar ya zauna ya gaishe ni. Inna kuma kin san zuciyarta. Ban taɓa yi miki gorin abin da na yi miki ba, yau ma ba zan yi ba. Ina dai tuna miki cewa ni ɗin nan ne.

Allah ya rufa mana asiri.
Yayanki

*

Yaya,

Na gaishe ka, don Inna ta koya mini gaisuwa.

Na karanta wasiƙarka na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na ga ka zaune a bakin rijiyar nan da sanda a hannu, na ji tausayinka har na fara rubuta abin da ka ce. Na nuna wa Oga Ba-Matsala, ya yi murmushi ya ce ba matsala, hakan ma ya yi, tunda abin da ba a sani ba hukuma daga ranar da aka gano take lissafa shi. Murmushin nan ne ya sa na ce ya ba ni kwana biyu.

Jiya aka aike ni ɗiban ruwa a rijiyoyin unguwa, gida-gida. Gida na shida shi ne namu na dā. Telan da ka bar wa shi yana zaure da kekensa, a daidai inda Baba yake shimfiɗa tabarma. Ya gane ni nan take, ya tashi yana ta rawar jiki, ya kira matarsa ta zo ta ga ƙanwar mai gida. Ya ce har gobe yana yi maka addu'a. Ya ce mutane uku suka nemi gidan, ka zaɓe shi saboda ya fi su yara, ka ce gida mai rijiya a tsakar gida ya fi dacewa da mai iyali. Ya ce ka kama hannunsa ka kai shi bakinta, ka ce kai ne mai gwada ruwan yankin nan duka, ya sha hankali kwance.

Na tambaye shi yaushe ne. Shekara takwas, in ji shi. Na tsaya ina lissafi a tsaye kamar wata sakarya.

Sai komai ya dawo mini. Hutun da na zo gida na tarar da jarkoki shida a jere a ƙofar kicin, kana ɗauko su daga cikin gari a bayan babur, ka ce ruwan rijiya yana ɓata maka shayi. Har tsokanarka na yi, na ce Yaya ya zama bature. Ka hana Anti yi wa jaririya wanka da shi, ka ce sanyi gare shi. Bayan wata biyar ka kwashe mu, ka ce iskar wurin ce ba ta karɓi Inna ba. Kowa ya ce kai ɗa ne na gari.

Ka ce ba ka sani ba. Na yarda, ba ka sani ba. Amma ka ji tsoro daidai yadda za ka ɗauke naka, ka nemo na wani ka zuba a wurin. Haba Yaya! Haba! Da gugan ne kawai, wallahi da na rufe maka, in sha gargaɗin in yi shiru. Kowa igiya tana iya tsinke masa. Amma ka tsaya ka zaɓi wanda ya fi yara?

Matar telan ta shiga ta kawo mini ruwa a kofi mai murfi, irin wanda ake ajiye wa baƙi. Daga rijiyar ta ɗebo, a gabana. 'Yan matanta biyar suna tsaye suna kallona, uku a gidan aka haife su. Ta ce ƙaramar ba ta son abinci, kullum ciki, kuma ta wajen tsakiyar an maimaita mata aji sau biyu, malamai sun ce wasa ya yi mata yawa. Ban sani ba ko ruwan ne. Ba wanda zai sani sai an gwada jininsu, kuma ba za a gwada ba sai da takardarka. Na riƙe kofin, na ce ina sauri. Na ce kada su ƙara sha sai sun ji daga gare ni. Ya tambaye ni lafiya, na ce aikin ofis ne kawai. Ka ga, ni ma na fara iyawa. Na fita na tsaya bayan mota na yi amai, direba ya kau da kai.

Ƙyama nake ji, Yaya. Ta tafkin, ta Oga da lemonsa, taka, da tawa. Duk abin da na zama da kuɗin aikin nan aka yi shi, kuma da ruwan jarka aka yi mini shayi ina dariya.

Ranar Alhamis ake kai rahoto. Ba zan sa hannu a kan bana ba, ba zan sa a kan ba a sani ba. Zan rubuta abin da ka gaya mini, za su ce jita-jitar 'yar wata bakwai ce, su kore ni, su sa wani ya sa hannu. Wasiƙarka tana hannuna, na kuma san zan iya miƙa ta. Ba zan miƙa ba, don ni ka rubuta wa, ba hukuma ba. Direba zai biyo ranar Laraba da yamma. Ko ka ba shi takarda, ko ka ba shi gaisuwa.

Ka gaida Inna. Kada ka ce mata komai a kaina, na san ka iya.
Auta

*

Auta,

Salamun alaikum.

Ga takardar nan a cikin ambulan na biyu. Talata, sha huɗu ga watan Mayu, shekara tara da suka wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Na rubuta har da maganar famfo. Na sa hannu a kowane shafi, maƙwabcina malamin asibiti ya sa a matsayin shaida. Ki yi kwafi kafin ki ba manaja, ki kai ɗaya hukuma da kanki.

Na gaya wa Antinki. Tun jiya ba ta yi mini magana ba. Inna ban iya ba tukuna.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba yafiya ba ce. Kada ki koma gidan tela ki yi masa bayani. Zan biyo direba ranar Alhamis, ko a kwance ne a bayan mota. Ki tsaya a waje ki jira ni. Ni na kai shi bakin rijiyar nan na ce ya sha, ni zan shiga in gaya masa abin da na ba 'ya'yansa.

Yayanki